Gado Ne Ko Tsautsayi? Sankarar Fata Da Gwajin Ƙwayoyin Gado A Ƙasar Gobir

Gabatarwa



Wataƙila wani zai yi mamakin ganin malamin Hausa ya miƙe yana magana a kan cuta. Dalilina shi ne, duk cutar da ta kama Bahaushe, kafin ta isa gaban likita sai ta bi ta bakin mai ita, watau sai an raɗa mata suna, an faɗi mafarinta, an kuma yanke shawarar inda za a kai ta. Haka kuma bayanin da likita ya yi, sai ya sake bi ta cikin harshen nan kafin ya isa gida. In kuwa kalmomin suka karkace a hanya, to, magani ma ya karkace.

Abin da nake so mu duba a yau tambaya ce guda ɗaya. A ƙasashen Amurka da Ostareliya da Turai, inda wata irin sankarar fata mai suna melanoma ta yawaita, mutanen da aka yi wa aiki aka cire musu ita sukan koma wa likita su nemi a gwada jininsu, domin su san ko cutar tana cikin abin da suka gada. Da yawa daga cikinsu ba don kansu suke tambaya ba, don 'ya'yansu ne. Wannan tambaya kuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Dattijon da aka yanke wa ƙafa a asibitin Sakkwato, in ya farfaɗo, abin da zai ce da harshensa na Gobirci shi ne, ko ɗiyana za su gaje ta? Amsar wannan tambaya ce nake so mu bi daki-daki, mu ga abin da gwajin zamani zai iya faɗa masa, da kuma abin da ba zai iya ba.

Na zaɓi in kafa misalaina a ƙasar Sabon Birni da Isa, a gabashin Jihar Sakkwato. Sabon Birni tana iyaka da Jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, Isa kuwa tana maƙwabtaka da Shinkafi ta Jihar Zamfara. Ƙasa ce ta Gobirawa, waɗanda bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836 suka kafa Tsibiri, daga baya wani reshe nasu ya kafa Sabon Birni. Mutanenta manoma ne da makiyaya, masu yini a rana, masu nisa da babban asibiti. Duk shawarar da ba ta yi musu amfani ba, to, ba ta yi wa yawancin Hausawa amfani ba.

Tsage Da Iri

Kafin mu shiga zancen cuta, ya kamata mu fahimci abin da masana suke nufi da gado, domin kalmar tana da faɗi a Hausa. Muna gadon gona, muna gadon sarauta, muna gadon sana'a, muna kuma cewa yaro ya gaji hancin ubansa. Na ƙarshen nan ne kaɗai ya shafe mu.

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai zarurruka 46, watau tagwaye 23, rabi daga uwa, rabi daga uba. A jikin zarurrukan nan, waɗanda aka yi da sinadarin da ake kira DNA, aka jera umarni wajen 20,000, kowane da aikinsa. Waɗannan umarni su zan riƙa kira ƙwayoyin gado. Wani malamin coci mai suna Gregor Mendel ne ya fara gano ƙa'idar yadda suke wucewa daga iyaye zuwa 'ya'ya, ta hanyar gwaje-gwajen da ya yi da wake ya kuma buga a 1866. An gano siffar DNA a 1953, aka kammala babban aikin karanta na ɗan Adam a 2003.

To, sankara kowace iri ce tana farawa ne sa'ad da wasu daga cikin umarnin nan suka gurɓace a cikin ƙwaya, har ta daina jin birki, ta dinga hayayyafa ba tsayawa. Amma gurɓacewar iri biyu ce, kuma a nan ne mutane da yawa, har da masu ilmi, suke ruɗewa. Bari mu ɗauki misali daga fuskar Bagobiri. Kowa ya san tsagar Gobirawa, zube shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Kaka yana da ita, uba yana da ita, ɗa yana da ita. Duk da haka ba a taɓa haihuwar jariri da ita ba. Sai wanzami ya zo da askarsa. Tsage abu ne da ya sami fata bayan haihuwa, ba ya shiga cikin abin da mutum zai ba ɗansa. Amma tsawo, da launin fata, da ƙirar fuska, waɗannan suna cikin iri, kamar yadda halin gero yake cikin ƙwayar da aka ajiye don shuka.

Yawancin gurɓacewar da ke haddasa sankara irin tsage ce. Ta faru ne a wani ɗan wuri a jikin mutum, a tsawon rayuwarsa, ta dalilin rana ko tabo ko tsufa ko kuskuren da ƙwaya ta yi wajen kwafar kanta, kuma da shi za ta tafi kabari. Kaɗan ce take cikin iri, watau wadda aka haifi mutum da ita a kowace ƙwaya ta jikinsa, wadda kuma zai iya miƙa wa 'ya'yansa. Har ila yau misalin tsagen ya koya mana wani abu: ganin abu ya bi gida ɗaya kaka da kakanni ba shi ne hujjar cewa yana cikin jini ba. Mai yiwuwa ne al'ada ɗaya, ko sana'a ɗaya, ko gona ɗaya ce ta haɗa su.

Mutum Uku, Tambaya Ɗaya

Yanzu mu ƙaddara mutum uku sun haɗu a kan benci ɗaya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. An ce wa kowanensu yana da sankarar fata, kowane kuma yana tambaya ko gado ne. Za mu ga cewa amsa uku ce daban-daban.

Na farko manomi ne daga ƙasar Isa, mai shekara sittin. Shekara biyu da suka wuce ya ga wani baƙin tabo a dundunniyarsa, ya ɗauka faso ne ko ƙaya ce ta karye a ciki. Tabon ya yi ta faɗi, ya tsatstsafo da jini, daga baya kaluluwa ta fito masa a matsematsi. Wannan ita ce melanoma. Tana tasowa ne daga ƙwayoyin da suke yin sinadarin melanin, wanda shi ke ba fata duhunta, yake kuma kare ta daga zafin hasken rana. Ƙididdigar hukumar binciken sankara ta duniya ta nuna an sami mutum wajen 325,000 da suka kamu da ita a 2020, wajen 57,000 suka mutu. Ta fi yawa a Ostareliya da Niyu Zilan, inda fararen fata suka zauna a ƙasar rana. A Amurka, cikin fararen fata wajen mutum 1 cikin 33 ne zai gamu da ita a rayuwarsa, cikin baƙaƙe kuwa wajen 1 cikin 1,000.

Wannan bambanci ya sa ake zaton cutar ba ta shafi baƙar fata ba, alhali kuwa ta shafe ta, sai dai ta wata ƙofa take shigowa. A jikin baƙar fata melanoma ta fi fitowa a tafin ƙafa, da tafin hannu, da ƙarƙashin farce, wuraren da rana ba ta dame su ba. Rahotannin asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Maiduguri sun daɗe suna nuna cewa a ƙafa aka fi ganinta, kuma masu ita sukan zo a makare. Irinta ce ta kashe mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley, wanda aka gano ta a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa a 1977, ya rasu ran 11 ga Mayu, 1981, yana da shekara 36. Amsar da ta dace da manomin Isa ita ce: in dai ba a taɓa samun irin wannan ciwo ga iyayensa ko 'yan'uwansa na ciki ɗaya ko 'ya'yansa ba, to, mafi rinjayen zato tasa irin tsage ce.

Ta biyu yarinya ce zabiya daga Sabon Birni, 'yar shekara ashirin da biyu, wadda wani ƙurji ya fito mata a kunne ya ƙi warkewa. Zabiya mutum ne da jikinsa ba ya yin melanin yadda ya kamata, saboda haka rana tana cin fatarsa kai tsaye. Sankarar da ta fi kama zabiya ba melanoma ba ce, wata iri ce mai tasowa daga ƙwayoyin saman fata, kuma ta fi fitowa a kai da wuya da kunne da leɓe da hannu. Wani likitan fata ɗan Nijeriya, A. N. Okoro, ya duba zabiya 1,000 ya buga sakamakonsa a 1975, inda ya nuna yadda ɓarnar rana take bayyana a fatarsu tun suna ƙanana, ta yi ta ƙaruwa da shekaru. A nan amsar tana da harshen damo. Zabiyanci kansa yana cikin iri. Sankarar kuwa aikin rana ce. Abin da ta gada shi ne rashin garkuwa, ba ciwon ba.

Yadda ake gadon zabiyanci ya cancanci bayani, domin an zalunci mata da yawa saboda rashin saninsa. Nau'in da ya fi yawa a Afirka ta kudu da Sahara yana zuwa ne daga ƙwayar gado mai suna OCA2, wadda ke kan zare na 15. Ba ya bayyana sai yaro ya sami gurɓatacciyar ƙwayar daga uwa, ya kuma samu daga uba. Iyaye biyu baƙaƙe wuluk suna iya ɗauke da ita a ɓoye, kuma a kowane ciki da matar ta ɗauka akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi zabiya. Ashe ke nan mijin da ya zargi matarsa ko danginta don ta haifi zabiya, rabin abin daga wurinsa ya fito. Ita kuma zabiyar, in ta auri wanda ba ya ɗauke da ƙwayar, 'ya'yanta ba za su zama zabiya ba, ko da yake dukansu za su ɗauke ta a ɓoye. Akwai kuma wata cuta da ba a cika gani ba, mai bin wannan ƙa'ida, wadda fatar yaro ke kasa gyara ɓarnar da rana ta yi mata, har sankara ta kama shi tun yana ƙarami. Irin waɗannan cututtuka masu ɓuya sun fi samun damar bayyana a inda auren zumunci ya yawaita, domin ɗan wa da 'yar ƙane suna iya ɗauko ƙwaya ɗaya daga kaka ɗaya.

Na uku tsoho ne mai gyambo a ƙwauri, wanda ya yi shekara ashirin yana ɗaure shi da tsumma, yau ya warke gobe ya dawo, har bakinsa ya kumbura ya juye. Tsohon gyambo da tabon ƙuna suna iya rikiɗa su zama sankara. Likitoci suna kiran wannan da sunan Marjolin, wani likitan Faransa da ya siffanta irin waɗannan miyaku a 1828. Wannan hanya tana daga cikin manyan hanyoyin da sankarar fata ke kama mutanen arewacin Nijeriya. Amsar wannan tsoho ita ce mafi sauƙi: babu gado a ciki ko kaɗan. Abin da 'ya'yansa za su iya gada shi ne halin barin miki ba magani.

Abin Da Gwaji Yake Faɗa

To, ina melanomar da ake gada? Akwai ta, kuma an daɗe da lura da ita. A 1820 wani likita a Ingila, William Norris, ya rubuta labarin wani majinyaci da ya mutu da ita, ya kuma ambata cewa mahaifin mutumin da irin wannan ciwo ya mutu, 'ya'yansa kuma jikinsu cike yake da tawadar Allah. A ƙasashen fararen fata, wajen kashi 10 cikin 100 na masu melanoma suna da wani ɗan'uwa na kusa da ya taɓa yin ta. A 1994 aka gano babbar ƙwayar gadon da ke da hannu a ciki, mai suna CDKN2A, a kan zare na 9. Aikinta a jikin lafiyayye shi ne taka wa ƙwaya birki. Ana samun ta a gurɓace a cikin kashi 20 zuwa 40 cikin 100 na gidajen da cutar ta kama mutane da yawa. Daga baya an gano wasu, kamar CDK4 da BAP1 da POT1, amma ba su kai ta yawa ba. Ita wannan ba ta bukatar haɗuwa daga ɓangare biyu kamar ta zabiya. In uwa ko uba yana da ita, kowane ɗa yana da yiwuwar 1 cikin 2 ya ɗauka. Tana kuma ƙara hatsarin sankarar fankiriyas, watau gaɓar nan da ke bayan tumbi mai daidaita sukari a jini.

Saboda ƙarancinta, likitoci ba sa tura kowane majinyaci gwaji. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a duba tarihin gida: in an sami melanoma sau uku, ko a jikin mutum ɗaya ko a tsakanin dangi na ɓangare ɗaya, ko an haɗa da sankarar fankiriyas, sai a yi shawarar gwaji. A ƙasashen da cutar ba ta da yawa akan sauko zuwa biyu. Wanda ya yi ta sau ɗaya, yana tsoho, ba kowa a danginsa, da wuya gwajin ya nuna wani abu.

Ko an sami ƙwayar, ba hukunci aka yanke ba. Wani babban bincike da aka buga a 2002 ya ƙiyasta cewa cikin masu ɗauke da gurɓatacciyar CDKN2A, waɗanda za su kamu kafin shekara 80 sun kai kashi 58 cikin 100 a Turai, 76 a Amurka, 91 a Ostareliya. Ƙwaya ɗaya ce, amma ƙasa ta bambanta sakamako, kamar yadda iri ɗaya yake ba da amfani daban a fadama da jigawa. In kuma ba a sami ƙwayar ba, ba a ce mutum ya tsira ba, domin yawancin masu cutar dama ba su da ita. Akwai kuma amsa ta uku, mai rikitarwa: an ga wani canji, amma ba a tantance ko mai cutarwa ne ba. Wannan amsa ta fi yawa ga 'yan asalin Afirka, domin ma'aunin da ake kwatantawa da shi an gina shi ne galibi da jinin Turawa. 'Yan asalin Afirka ba su kai kashi 5 cikin 100 na waɗanda aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado da su ba. Don cike wannan giɓi ne aka ƙaddamar da shirin H3Africa a 2010.

Dole kuma a rarrabe wannan gwaji da wani mai kama da shi. Na farko jini ko yawu ake ɗiba, iri yake dubawa, amsarsa ta shafi dangi duka. Na biyu tsokar ciwon da aka yanke ake dubawa, watau tsagen kansa ake karantawa, domin a zaɓi magani. A 2002 aka gano cewa wajen rabin melanomar fata tana ɗauke da gurɓacewa a ƙwaya mai suna BRAF, a 2011 kuma aka amince da maganin farko mai auna ta. Amma melanomar tafin ƙafa ba ta cika ɗauke da wannan gurɓacewa ba. Daga 2011 zuwa 2014 an fito da wasu magunguna masu zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi cutar, aikin da ya sa James Allison da Tasuku Honjo suka sami lambar Nobel a 2018. Sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Majinyacin da aka ce masa an ga BRAF a ciwonsa, kada ya koma gida ya ce wa 'ya'yansa an sami abu a jininsu. Ba a samu ba.

Darasin Da Sikila Ta Koya Mana

Gwajin gado ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya suna ɗauke da ƙwayar amosanin jini, watau sikila, kuma yau har a ƙauye an san AA da AS da SS. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar tilasta gwajin lafiya kafin aure, har da na wannan ƙwaya. Gwajin sikila ya karɓu ne saboda dalilai uku: yana da araha, amsarsa a fili take, akwai kuma abin da mutum zai yi da amsar. Duk gwajin da za a kawo mana, da wannan ma'auni uku ya kamata mu auna shi. Gwajin CDKN2A, a halin manomin Isa, bai cika ko ɗaya ba.

Sikila ta kuma nuna mana ɗaya gefen. Mun ga yadda ake ɗaukar mai AS kamar marar lafiya, alhali lafiyarsa ƙalau. A al'ummar da ake binciken asali kafin a ba da aure, inda kalma ɗaya kamar "gidan masu kaza ne" take iya hana 'yan mata goma miji, sakamakon gwaji ba takarda ce kawai ba. Don haka ne Amurka ta yi doka a 2008 da ta hana masu ɗaukar aiki da kamfanonin inshorar lafiya nuna bambanci saboda ƙwayoyin gado, Nijeriya kuma a dokarta ta kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan gado cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu. Ku ma'aikatan hukuma da takardun mutane ke bi ta hannunku, wannan amana ce a wuyanku.

Kalmar Daji

Bari in dawo fagena. Sunan da aka fi sani na wannan cuta shi ne ciwon daji, ko daji kawai. Sunan kansa ya riga ya faɗi mafari: abu ne da ya fito daga jeji, mazaunin iskoki, don haka ba na asibiti ba ne. Daga nan aka sami maganar da kowa ya sha ji, wai daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi sai ya tashi. Wannan magana tana da abin da ya riƙe ta. Mutum yakan ɓoye ciwonsa har ya bazu a jiki, sa'an nan a kai shi asibiti, a yi aiki, ya rasu bayan wata uku, sai a ce ai ga shi nan, an taɓa. Ba a lissafa shekara biyun da aka yi ana shafe-shafe a gida.

Ga abin da lissafi ya nuna. A 1970 wani likita mai suna Alexander Breslow ya tabbatar da cewa zurfin melanoma a cikin fata shi ne babban abin da ke nuna makomar mai ita. Wadda ba ta kai milimita 1 ba, yanke ta kawai yakan wadatar. A Amurka, cikin waɗanda aka gano tasu kafin ta bar inda ta fara, wajen 99 cikin 100 suna raye bayan shekara biyar. Cikin waɗanda tasu ta kai gaɓoɓi masu nisa kuwa, wajen kashi ɗaya cikin uku ne. Wuƙar likita a kan lokaci ita ce maganin, jinkiri shi ne dafin. Saboda haka ina goyon bayan masu cewa a rediyo da makaranta da asibiti mu riƙa cewa sankara ko kansa, mu bar daji ga namun daji. Haka kuma mai fassara wa likita ya kiyayi cewa "a jininka take", domin a kunnen Bahaushe wannan magana tana nufin asali, tana kuma shafar zuriya.

Abin Yi

Ba za mu manta da halin da ƙasar take ciki ba. Hare-haren 'yan bindiga sun addabi gabashin Sakkwato, har a 2019 dubban mutane suka ƙetara zuwa Jihar Maraɗi, a 2024 kuma aka sace Sarkin Gobir na Gatawa ya rasu a hannun waɗanda suka kama shi. Wanda hanyar zuwa Sakkwato ta zame masa kasada, ba zai je don ɗan tabo ba sai an nuna masa dalili. Don haka abin da za mu ba shi dole ya zama mai sauƙi, wanda ba ya bukatar kuɗi.

Na ɗaya, kowa ya riƙa duba tafin ƙafarsa, da tsakanin yatsu, da farce. Tsofaffi kuma 'ya'yansu su duba musu. Baƙin tabo sabo, mai faɗaɗa, mai karkataccen baki, mai launi fiye da ɗaya, ko baƙin layi a farce da ke ƙara faɗi, ko tawadar Allah da ta canza kama, duk a nuna wa likita. Kada a sa aska, kada a ƙona. Na biyu, duk mikin da ya wuce wata ɗaya bai kama hanyar warkewa ba, a kai shi asibiti. Na uku, zabiya ya sami malfa mai faɗi, da riga mai dogon hannu, da man kare rana, a ɗauke masa aikin tsakar rana, a zaunar da shi a gaban aji saboda raunin idonsa, a kuma riƙa duba fatarsa a kai a kai. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 13 ga Yuni don tunawa da su, an kuma fara kiyaye ranar a 2015. Ya kamata ƙananan hukumomi su mai da ita ranar dubawa da rabon kaya, ba ranar jawabi ba. Na huɗu, ma'aikacin lafiya a Isa ko Sabon Birni ya tambayi majinyaci tarihin gidansu ya rubuta. Bagobirin da zai iya jero kakanninsa har zuwa Alƙalawa ba zai kasa faɗin abin da ya kashe mahaifinsa da baffanninsa ba. Wannan tambaya ita ce gwajin gado na farko, kuma ita ke nuna ɗan ƙalilan ɗin da ya kamata a tura gwajin jini, bayan an zauna an yi musu bayani.

Kammalawa

Sha'awar majinyaci ta sanin ko 'ya'yansa za su gaji ciwonsa abu ne da ya kamata a girmama, kada a kore shi da cewa ba kome. Amma amsar gaskiya ga yawancin mutanenmu ita ce, sankarar fatarsu tsage ce, ba iri ba ce. Manomin Isa ya koma gida da sanin cewa bai bar wa 'ya'yansa mugun gado ba. Abin da ya rage masa shi ne ya koya musu duba ƙafa. Zabiyar Sabon Birni ta san cewa inuwa da malfa za su yi mata abin da gwaji ba zai yi ba. Gidan da cutar ta maimaita kansa kuwa, shi ne ya cancanci gwaji, da sirri, da kyakkyawan bayani cikin harshen da ya sani.

Ɗalibaina na sashen Hausa, a nan aikinku yake. Likita yana da ilmin, amma kalmomin da za su kai shi zauren mai unguwa da ɗakin tsohuwa ku ne za ku ƙera su. Ina roƙon ku da malaman kiwon lafiya ku zauna tare ku daidaita su.